Sana'ar Baƙin Allo

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Goronyo da rani, ya wuce Achida ya ratsa ƙasar Wurno, sana'o'in da zai yi ta cin karo da su sanannu ne: masu ban ruwa a fadamar Rima, masu ɗura albasa da tafarnuwa a buhu, masu bugun shinkafa, da makanikan da ke kwance injin ban ruwa a gefen titi. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, ita ce ƙashin bayan wannan noman rani, kuma gidajen Giyawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita daga gona da kiwo da kasuwa suke ci. Sai dai cikin yaran yankin da suka tafi Sakkwato karatu, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, akwai 'yan ƙalilan da suka kama wata sana'a da ba ta da rumfa a kasuwa. In an tambayi iyayensu sai su ce, "Aikin kwamfuta yake yi." Wanda ya leƙa ya ga aikin kuwa, abin da zai tarar allo ne baƙi ƙirin, farin rubutu yana gudu a kansa.

Sana'ar ita ce kula da kwamfutocin haya. Makaranta mai zaman kanta tana son iyaye su duba sakamakon 'ya'yansu a waya. Mai kantin magani yana son lissafin reshensa biyu ya haɗu wuri ɗaya. Dillalin albasa mai tura mota Legas da Fatakwal yana son sanin wa ya biya, wa ake bi. Dukansu suna buƙatar kwamfutar da ba a kashewa dare da rana, wadda ake kira saba. A da sai mutum ya saye ta, ya ware mata ɗaki da na'urar sanyaya ɗaki da janareta, kuma duk wanda ya san zafin Sakkwato na watan Afrilu da ƙurar hunturu da halin wutar lantarki ya san ba a jimawa ana wannan. Yanzu hayarta ake ɗauka daga kamfanoni masu manyan rumbunan kwamfutoci, a biya gwargwadon abin da aka ci. Tsarin shi ake kira kilawud. Mai sana'ar shi ke ɗauko hayar a madadin mai buƙata, ya shirya sabar, ya tsare ta, ya sa ido a kan bil.

Kamfanin Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa sosai a 2006, da ma'ajiyar S3 a watan Maris, da hayar saba ta EC2 a watan Agusta. Microsoft ya biyo baya da Azure a 2010, Google ma ya shigo. Rumbunan sun daɗe kafin su iso Afirka. Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a Cape Town a Afrilun 2020 sannan ya kafa ƙaramin reshe a Legas a farkon 2023, Google kuma ya buɗe a Johannesburg a Janairun 2024. A gida akwai irin su Rack Centre a Legas, da Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyarsa ta Kano a Janairun 2023. Duk da haka masu sana'ar da yawa rumbunan Landan da Dublin da Frankfurt suke zaɓa, saboda arha, da kuma cewa wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka tashi daga Legas Turai suka nufa. Ta haka ne makin jarrabawar yaron Wurno kan kwana a wata kwamfuta a Ireland, shi da mahaifinsa ba wanda ya sani.

Kayan aikin da ke hannun mai sana'ar ba su da yawa. Laftof ce, galibi 'yar gwanjo, an sa mata Linux. Sai 'yar na'urar MiFi da layin waya biyu ko uku na kamfanoni daban-daban, don in wannan ya ɗauke wancan ya kawo. Sai faifan sola da batir da ƙaramin inbata, in hali ya yi. Laftof ɗin ba sai mai tsada ba, domin nauyin aikin can nesa ake ɗaukarsa, ita umarni kawai take aikawa.

Hanya biyu ce ta yi wa kilawud magana. Ta farko shafin intanet ne mai hotuna da maɓallai, a bi da linzami ana dannawa, kuma da ita kowa ke farawa. Ta biyu ita ce baƙin allo, inda ake rubuta umarni layi ɗaya a buga, amsa ta dawo a rubuce. Kowane kamfani da manhajarsa ta wannan hanya: ta Amazon sunanta aws, an fito da ita a 2013, ta Microsoft az, ta Google gcloud, ta DigitalOcean doctl. Cibiyoyin da suka gina nasu kilawud da manhajar OpenStack, wadda hukumar NASA da kamfanin Rackspace suka fara a 2010, suna da umarnin openstack.

A ganina babu wanda baƙin allo ya fi yi wa rana irin mutumin gabashin Sakkwato, kuma dalilin sabis ne. Shafin maɓallai sai ya sauke megabait da dama kafin ya buɗe, in sabis ya yi rauni ya tsaya yana juyi, mutum bai san ko abin da ya danna ya tafi ko bai tafi ba. Umarni ɗaya da amsarsa kuwa sau da yawa 'yan kilobait ne. Sabis ɗin da ba zai buɗe bidiyo ba, hoton WhatsApp ma sai ya yi ta jan ƙafa, ya isa a tayar da saba a Turai ko a kwantar da ita. Akwai kuma wata 'yar manhaja mai suna tmux da ake kunnawa a can cikin sabar. In mutum yana tsakiyar aiki sabis ya yanke, aikin na nan yana tafiya, in ya dawo ya tarar da allonsa yadda ya bar shi. Injiniyan da ke zaune a ofis a Landan yana amfani da ita don jin daɗi. Wanda ke Giyawa yana ɗaga waya sama yana neman sabis, da ita yake kare dukiyar mutane daga aikin da aka bari rabi da rabi.

Amfani na biyu shi ne abin da aka rubuta yana zama. Wanda ya danna maɓalli arba'in ya shirya saba, bayan wata uku ba zai tuna wanne ya fara dannawa ba. Wanda ya rubuta umarni arba'in zai tara su cikin fayil ɗaya, ya adana, gobe in wani ya zo da irin buƙatar ya sauya suna biyu ko uku ya sake bugawa. Wannan fayil shi ne jarin mai sana'a na gaskiya, ya fi laftof ɗin daraja, kuma duk shekara ƙara kyau yake yi saboda duk matsalar da aka gamu da ita ana shigar da maganinta a ciki. Waɗanda suka yi nisa sukan koma ga manhaja irin Terraform, wadda ta fito a 2014, inda ake rubuta yadda ake son dukan ginin ya kasance, ita kuma ta je ta gina.

Na zauna kusa da wani matashi ɗan Giyawa mazaunin Sakkwato yana kafa wa wata makaranta sabar duba sakamako. Ya fara da aws configure. Manhajar ta yi masa tambaya huɗu: lambar makulli, sirrin makullin, yankin da za a yi aikin, da siffar da yake son amsa ta riƙa zuwa. Sai ya rubuta dogon umarnin da ya fara da aws ec2 run-instances, ya jera abin da yake so a bayansa: Ubuntu, wani nau'in Linux, za a sa, ga girman sabar, ga makullin da zai shiga da shi, ga katangar da za ta hana kowa shiga sai ta ƙofofin da ya ambata. Bai buga haka nan ba, sai da ya ƙara --dry-run a ƙarshe, wato a duba ko yana da izinin wannan aiki ba tare da an aikata ba. Amsa ta dawo cewa da an yi da ya yiwu. Ya goge wannan ƙarin, ya sa yatsa a kan allo ya bi layin daga farko har ƙarshe yana motsa baki, sannan ya buga. Kafin shayin da ke gefensa ya huce sabar ta tashi. Ya nemi adireshinta da describe-instances, ya shiga cikinta da ssh, manhajar da wani ɗan ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ya rubuta a 1995, wadda har yau ita ce hanyar shiga ta kowa.

Abin da ya fara yi a ciki shi ne rufe shiga da kalmar sirri, ya bar ta makulli kaɗai. Ya nuna mini dalili a littafin da sabar ke rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa mata. Sabar da aka tayar yanzun nan, tuni wasu kwamfutoci daga ƙasashen da bai san kowa ba sun fara gwada sunaye da kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ke gaba da makarantar. Manhajojin ɓarayi ne ke yawo a intanet suna taɓa kowace ƙofa ko za a dace. Daga nan ya sabunta manhajojin sabar, ya sa Nginx mai karɓar baƙin shafi, ya sa PostgreSQL inda sunayen ɗalibai da makinsu za su zauna. Ya haɗa sabar da sunan shafin makarantar mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsa, ana sabuntawa duk shekara. Ya ɗauko takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda ke sa ɗan kwaɗon nan ya bayyana a gefen adireshi. Kyauta ce, amma kwana 90 take yi ta ƙare, don haka ya saita ta riƙa sabunta kanta.

Na ƙarshe, wanda ya fi ɗaukar masa lokaci, shi ne ajiya. Ya rubuta ɗan jerin umarni, ya miƙa wa cron, agogon cikin Linux, cewa kullum ƙarfe biyun dare a kwafe dukan bayanan a tura S3. Sai ya yi abin da da yawa ba sa yi: ya tayar da wata saba ta wucin gadi, ya sauko da kwafin, ya zuba a cikinta, ya duba ko sunayen sun dawo daidai. Da ya tabbatar, ya rushe ta wucin gadin nan take.

Wannan taka-tsantsan ba tsoro ba ne na banza. Baƙin allo ba ya tambaya sau biyu. Tsakanin stop-instances da terminate-instances kalma ɗaya ce, amma na farko kwantar da saba yake yi a tashe ta gobe, na biyu rushe ta yake yi, kuma galibi da babban faifanta yake tafiya. Manya ma sun ɗanɗana. Ranar 28 ga Fabrairun 2017 wani injiniyan Amazon yana binciken wata matsala, ya buga umarnin cire 'yan sabobi kaɗan, ya yi kuskure a abu ɗaya da ya shigar, aka cire da yawa fiye da nufinsa. Ma'ajiyar S3 ta arewacin jihar Virginia a Amurka ta durƙushe kusan awa huɗu, ta ja ɗimbin shafukan duniya ƙasa. Kamfanin ya fito ya yi bayanin abin da ya faru, ya gyara manhajar yadda ba za ta ƙara yarda a cire da yawa a lokaci ɗaya ba. Wata guda kafin nan, ranar 31 ga Janairu, wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya buga umarnin gogewa a sabar da ba ita yake nufi ba, aka je ɗauko kwafin ajiya aka tarar hanyoyin da ake dogaro da su ba su aiki yadda ake zato, bayanan kusan awa shida suka salwanta. Masu sana'ar suna ba juna waɗannan labarai, kuma daga irinsu ɗabi'un aikin suka fito. Ana sa wa sabar da mutane ke amfani da ita jan rubutu don ido ya bambanta ta da ta gwaji. Ba a yin babban gyara da barci a ido. Ba a taɓa sabar makaranta ranar da za a saki sakamako.

Makulli ma abin tsaro ne. Yakan faru mai koyo ya ɗora aikinsa a shafin GitHub, ya manta makullin asusun yana cikin fayil. Akwai manhajojin da aikinsu ke nan, neman irin wannan makulli. Cikin ɗan lokaci sai a tayar da manyan sabobi da sunansa ana haƙar kuɗin kirifto, bil ɗin dubban daloli ya hau kansa. Shi ya sa ƙwararre ba ya aikin yau da kullum da babban makullin asusu. Yakan yanka ƙanana, kowanne da iyakar abin da zai iya, ya kuma saita ƙararrawar da za ta aiko masa saƙo in kuɗin wata ya haura abin da aka tsara.

Batun kuɗi shi ne inda ake gane gwani. Ƙaramar saba mai gigabait ɗaya a DigitalOcean dala 6 ce a wata. Ajiyar gigabait ɗaya a S3 ba ta kai santi 3 a wata ba, amma fitar da gigabait ɗaya zuwa intanet ya kai kimanin santi 9, kuma nan ne sabon shiga ke yin tuntuɓe. Tun Oktoban 2017 Amazon da daƙiƙa yake lissafin hayar sabar Linux. Saba da aka manta a kunne daidai take da injin ban ruwa da aka bari yana ruri bayan gona ta ƙoshi, fetur na ƙonewa ba tare da albasa ta ƙaru ba. Ko an kwantar da ita ma faifanta na nan ana lissafa shi. Daga Fabrairun 2024 kuma a Amazon kowane adireshin IPv4 na fili rabin santi ne a awa, wato kusan dala 3.6 a wata, ko ana amfani da shi ko ba a yi. Saboda haka mai sana'a na kirki duk ƙarshen mako yakan buga umarnin da zai jero masa dukan abin da ke kunne a kowane yanki, ya nemi faifan da ba shi da saba da adireshin da ba shi da aiki, ya share. Makarantar da sau uku a shekara ake rububin shafinta, zai rage mata girman saba sauran watanni, ya ƙara makon sakamako. Irin wannan tattali ne ke raba bil ɗin dala 20 da na dala 60 a kan aiki iri ɗaya.

Ciwon da ke cikin sana'ar shi ne da dala ake saye, da naira ake sayarwa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Bil ɗin dala 20 da yake naira 9,200 ya koma 30,000 ba tare da an ƙara komai ba, kuma wanda ya yi yarjejeniyar shekara da makaranta a kan naira daga aljihunsa ya riƙa cikawa. Waɗanda abin ya ƙona sun koyi raba takardar kuɗi gida biyu: ga kuɗin haya, yana bin dala duk inda ta je, ga kuma ladan hannu. Biyan ma kansa wahala ne. A 2022 bankuna sun rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawa suka rufe baki ɗaya, sai aka koma ga katin dala na manhajojin waya da asusun kuɗin waje, kowanne da nasa caji. An ɗan samu sauƙi a Janairun 2025 da Amazon ya fara karɓar naira, sannan a tsakiyar shekarar wasu bankuna suka sake buɗe katinsu. A Janairun 2025 ɗin ne kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, data ta ƙara tsada. Fetur ɗin janareta kuwa, tun cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ya tura kowa neman sola.

Samun mai sana'ar ta hanya uku yake zuwa. Akwai kuɗin kafawa, a biya sau ɗaya. Akwai kuɗin kulawa na wata-wata, wanda shi ne abin dogaro in an tara abokan hulɗa da dama, domin fayil ɗin umarni ɗaya ke hidimar su duka. Akwai kuma albashi, ga wanda ya samu aiki da kamfanin Legas ko Abuja ko na ƙasar waje yana yi daga ɗakinsa, kuma wanda ake biya da dala shi ne faɗuwar naira ba ta kayar ba. Na wata-watan shi ya fi wuyar karɓa a nan, saboda aikin da ya yi kyau ba a ganinsa. A gabana wani dattijo mai kantin magani ya ce wa matashin nan, "Ɗana, wata huɗu ke nan babu abin da ya lalace. Kuɗɗin mi ni ka biya?" Yaron ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, Alhaji, rashin lalacewar nan shi na aikin." Ya juya masa laftof ya bi da shi layi-layi: ga waɗanda suka gwada shiga aka hana su, ga daren da faifai ya kusa cika ya share tarkace, ga kwafin kowane dare da kwanan watansa. Alhaji bai karanta Turancin ba, amma ɗan kasuwa ne, ya san littafin da ake cikawa kullum in ya gan shi. Tun daga lokacin yaron yake tura masa taƙaitaccen bayani da Hausa duk ƙarshen wata, kuma ina ganin duk mai wannan sana'a ya kamata ya yi haka.

Wahalar da ta fi ta kuɗi ita ce ta yankin kansa. A Satumban 2021, bayan an rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, an rufe na ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Goronyo da Rabah. Manomi ya rasa hanyar jin farashi, mai POS ya rufe rumfa, mai kula da saba kuwa an raba shi da wurin aikinsa ɗungurungum. Wanda ke gida a lokacin sai da ya biyo hanya mai hatsari ya shigo birni kafin ya ga halin da sabobinsa ke ciki. Abin da aka miƙa wa cron ya ci gaba da gudana ba tare da kowa ba, kwafi yana tafiya, takardar tsaro tana sabunta kanta. Abin da aka bari sai an yi da hannu ya tsaya. Bil kuwa bai tsaya ba ko na daƙiƙa ɗaya. Wannan na cikin abin da ya sa 'yan yankin masu sana'ar suke zaune a Sakkwato ko Kano ko Abuja, alhali aikin da kansa bai hana a yi shi a Giyawa ba, kuma abin yana yi mini ciwo, domin sana'a ce da za ta iya shigo da kuɗin waje cikin gari ba tare da yaro ya bar iyayensa ba. Starlink, mai intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, yana kuma aiki inda babu turken waya, sai dai kuɗin kayansa da na wata da wutar da yake ci sun fi ƙarfin mai farawa.

Wani lokaci matsalar daga teku take zuwa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin ruwa, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa. Manhajojin bankuna suka rikice a Najeriya, gyara ya ɗauki makonni. Sabar da ke Turai lafiyarta lau, amma isa gare ta ya zama aiki, kuma mai kanti ba ruwansa da teku, wanda ya ba kuɗi shi zai kira.

Akwai kuma zargi. Saurayi mai laftof, yana kwana ido biyu, kuɗi na shigo masa ba a ga kayan da ya sayar ba, ba a rasa mai cewa ɗan damfara ne. Wannan zalunci ne ga mutumin da aikinsa ke nan hana ɓarayi shiga.

Ƙofar koyo a buɗe take fiye da ta sana'o'i da yawa. Linux kyauta ne, tsohuwar laftof ta isa a yi wata shida ana koyon baƙin allo kafin a kashe ko sisi a haya, kamfanonin kuma suna ba sabon shiga ɗan abin gwaji. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023, mai burin horar da mutum miliyan uku, ya sa kilawud cikin darussansa. Jarrabawar shaidar Amazon ta matakin farko dala 100 ce, ta gaba da ita 150, kuma takardar tana taimakawa wajen neman aiki a nesa inda ba a san mutum ba. Shingen gaskiya Turanci ne, ba na magana ba, na karatu: dole a iya karanta saƙon kuskure a natse a fahimci abin da yake cewa. Sauran kuma zama ne kusa da wanda ya iya. Maigida yakan fara ba yaronsa makullin kallo kawai, wanda zai ga komai ba zai iya taɓa komai ba. In ya nuna hankali a ba shi sabar gwaji ya ɓata ya gyara. Sai an jima kafin a bar shi ya buga umarni a inda rubutu yake ja. Ina kuma ganin 'yan mata da matan aure na yankin suna da rabo babba a nan in an ba su dama, tunda aiki ne da ake yi daga cikin gida.

Abin da ba a koyarwa a jarrabawa shi ne amana. Mai riƙe da saba yana iya ganin makin kowane ɗalibi, da maganin da wane ya saya, da bashin da ake bin wane. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai sarrafa irin waɗannan bayanai, amma a garin da kowa ya san kowa, kalma ɗaya da ta fita daga bakinsa ta isa ta raba zumunci tun kafin a je ga doka. Akwai kuma wata mummunar ɗabi'a da wasu ke yi, su buɗe asusun kilawud da sunan shafin da sunansu, ranar da aka saɓa su riƙe dukiyar mutum sai ya biya abin da suka yanka. Wannan ba wayo ba ne, cin amana ne, kuma yana ɓata wa sauran suna. Yadda ya dace shi ne tun ranar farko asusu da sunan shafi su kasance da sunan mai su, da imel ɗinsa da lambar wayarsa, mai sana'a ya shiga da ƙaramin makullin da aka yanka masa. In yarjejeniya ta ƙare ya rubuta takardar miƙa aiki: ga sabobin da ke kunne da yankin kowacce, ga inda kwafi yake, ga ranar da sunan shafi zai ƙare, ga abin da ake biya a wata. Ya ba wanda zai gaje shi fayil ɗin umarnin da ya shafi wannan aiki. Sannan a gaban mai dukiyar ya buga aws iam delete-access-key a kan makullinsa, ya sake gwada wani umarni, a ga manhajar ta ƙi shi, mai dukiyar ya sa hannu a takarda cewa ya karɓi kayansa cif.